Motar da Inna Ta Gani a Bidiyo

Sau ɗaya tak mahaifiyata ta taɓa kallon bidiyo a rayuwarta, kuma abin da ta kalla ɗin ya kusa hana mu ɗauko ta daga Kurawa a shekarar da yunwa ta fi tsanani. Mu uku muka san labarin ciki da bai: ni, da ita, da maigidana. Ita ta daɗe a ƙasa. Shi kuma a bazarar da ta wuce aka yi masa sutura. Yanzu in na fara labarin babu wanda zai ce mini ba haka aka yi ba, ko ya ƙarasa mini inda na manta.

Shekara ta biyu ke nan ruwa bai yi ba. An yi shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya a nan har ya bushe a tsaye. Ni ina Isa inda aure ya kai ni, da tsohon cikin fari. Mahaifinmu ya rasu tun kafin farin ya shigo, ƙanena kuma ya bi dangin Inna sun kora sauran shanu kudu, don ita Inna haihuwar ruga ce, aure ne ya zaunar da ita a gari. Ita kaɗai ta rage a gidan, sai akuya ɗaya.

Maigidana direba ne. Yana tuƙa wa wani ɗan kasuwa babbar mota mai bodin katako, daga Maraɗi zuwa Sabon Birni, daga Sabon Birni zuwa Isa. Saboda haka hatsi bai yanke mana ba, ko da kaɗan ne. Yakan ratsa ya ajiye wa Inna ɗan abin da ya samu, amma duk abin da aka kai mata ba ya daɗewa. Maƙwabta na da yara, ita kuwa ba ta iya cin tuwo tana jin kukan yaro ta bayan danga. Mun roƙe ta ta dawo wurinmu, ta ƙi. Zama gidan suruki a ci tuwonsa ba abu ne da take iya ɗauka ba.

Cikin nan nawa ne ya buɗe mana hanya. A al'ada ni ya kamata in koma gida in haihu a ɗakinta. To, da wane ruwa za a yi wankan jego a garin da ake kwana a bakin rijiya kafin a cika tulu? Muka aika mata cewa tunda ni ba na iya zuwa, ita ta zo ta yi mini wanka. Wannan kam aiki ne, ba zaman ci ba. Ta amsa. Muka sa rana, maigida ya ce in ya dawo daga Maraɗi zai same ni a Sabon Birni, mu wuce tare mu ɗauko ta.

Da hantsi muka shiga Kurawa. Abin da na fara lura da shi shi ne babu ƙarar turmi. Ni da na tashi a garin ina gane gida da amon taɓaryarsa, ranar nan ban ji ko ɗaya ba. An sassare rassan itatuwa an ba dabbobi, duk sun zama gundul-gundul. Inna ta fito ta tare ni, ta dubi cikina ta kawar da kai. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke wagga" take ce mini. Ni kuma ƙafafunta na duba. Sun kumbura. Da na zauna kusa da ita na yi kamar ina kakkaɓe mata ƙasa, na danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa bai taso ba. A bayan ɗaki na ga tukunyar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙa su ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ruwan sauyawar ne babu, da ɗacinsu take ci.

Ta riga ta ɗaure kayanta a zane, ta jingina a bakin ƙofa. Da mun juya a lokacin, da ba a yi wannan labarin ba.

A cikin kayan da maigida ya ɗauko daga Maraɗi akwai talabijin da na'urar bidiyo da ƙaramin injin wuta. Wani mutum ne a Isa ya yi saƙonsu, zai buɗe gidan kallo. Mai sayarwa ya ɗora kaset ɗaya a matsayin gyara, babu hoto a jikinsa, kuma maigida bai kalla ba. Ya ɗauka na Indiya ne, masu rawa da waƙa. Shi mutum ne mai son faranta wa jama'a. Ya dubi yadda garin ya yi tsit, ya ce mini, "Mutanen ga sun daɗe ba su yi dariya ba. Bari mu kwana, in nuna musu abin ga, Inna ta yi bankwana da mutanenta cikin daɗin rai." Na ce to. Ni ma ban taɓa gani ba, kuma ina son gani.

Bayan azahar aka share zauren gidanmu, aka rufe ƙofofi da tabarmi don wurin ya yi duhu. Mata da tsofaffi suka cika ciki, maza suka tsaya suna leƙe ta gefen tabarma. Da Inna za ta shigo, maigida ya cire takalmi ya koma lungu ya durƙusa, kansa a ƙasa, daga nan yake miƙa hannu yana taɓa na'urar. Tun da aka yi aurenmu ba su taɓa haɗa ido ba.

Ba 'yan Indiya ba ne suka fito. Wani garin Turawa ne, ciyawa kore shar a ƙofar kowane gida, sama kuma ta haɗa hadari. Ba wanda ya ji abin da suke cewa, ba mu kuma damu ba, ciyawar muke kallo. Wata tsohuwa ta ce ko akuya ɗaya babu a garin, wa ke cin wannan abin? Sai aka nuno wani mutum mai tumbi a ƙofar gidansa, yana wanke wata farar mota mai faɗi. Ya riƙe doguwar roba ruwa na fita ta bakinta ba ƙaƙƙautawa, yana zuba kan motar, yana malala bisa titi. Ya ajiye robar a ƙasa ya shiga gida ɗauko wani abu, ruwan na ta gudu shi kaɗai. Zauren nan ya ɗauki salati. Na ji wata a bayana tana cewa, "Ku hwaɗa mishi ya rufe." Har yau in na tuna, wannan wurin ya fi tsaya mini a rai fiye da duk kisan da ya biyo baya.

Mutumin ya dawo ya tsuguna a gaban motar yana goge ta da tsumma. Babu kowa a cikinta, an nuna mana kujerun wayam. Sai sitiyari ya juya da kansa. Motar ta matso a hankali, kamar saniya ta nufo mai ba ta dusa. Ya ja da baya yana dariya, ta ƙara matsowa, har bayansa ya taɓa bangon gidan. Ba ta tsaya ba.

Daga nan ta shiga gari. Ta kori wata mata har cikin gona. Ta jira wani a bayan gini, fitilunta a kashe, har ya fito. 'Yan sanda suka yi ta harbinta, ko gezau. Yara suka ɓoye fuska a zannuwan iyayensu, wasu matan suka fice. Inna ba ta motsa ba. Ana cikin haka, motar ta tasa wasu mutane a gaba a kan gada, injin wuta ya yi tari ya mutu. Fetur ya ƙare. Motar maigida gas take sha, kuma a Kurawa ta lokacin ba inda za a sami fetur ko na cikin cokali. Haka aka yaye tabarmi, kowa ya fito yana ƙifta ido, ba wanda ya ga ƙarshen abin.

Da la'asar na shiga ɗaki na tarar Inna ta kwance ƙullin kayanta, tana mayar da kwanoni inda suke.

"Inna, lafiya?"

"Ba ni shiga," in ji ta.

Sai an san irin kallon da Inna ta saba da shi kafin a gane ta. A zamaninsu majigi kaɗai ake kawowa, motar hukuma ta zo ta kafa farin ƙyalle a fili. Abin da ake nunawa kuwa duk gaskiya ne. An nuna musu allurar shanu, ba a jima ba masu allurar suka zo da irin kayan da aka gani. An nuna fara tana cin gona, fara ta zo. An nuna yadda ƙuda ke ɗaukar cuta, kuma kowa ya san ƙuda. A wurinta, duk abin da aka haska a gaban jama'a gargaɗi ne, hukuma ce ke cewa ga abin da ke tafe, a yi hattara. Ba ita kaɗai ba, yawancin tsofaffin da ke zauren haka suka ɗauka. Bambancin kawai su ba a ce su shiga mota washegari ba.

Maigida ya zo ya durƙusa a bayan zanan da ya raba tsakar gida da zaure. Inna na zaune a kan tabarma ta wannan gefen, ni ina tsakiya. Kowannensu na jin numfashin ɗan'uwansa, amma ta bakina ake magana.

"Ki hwaɗa ma Inna wasa na," in ji shi. "Turawa ne ka shirya shi don a ji tsoro a yi nishaɗi. Mutumin ga da tag gani bai mutu ba, shina nan garinsu shina cin abinci."

Na juya zan maimaita, na ga ba ta jira ni ba.

"Ke wagga, tambaye shi, ya san mutumin?"

"Ban san shi ba."

"Ya tai garin nasu?"

"Ban tai ba."

"To. Ni da idona nig ga jini ya hito mishi ta baki. Kuma wane mahaukaci ne za ya hwasa gidanai da motoci masu kyau haka don a yi dariya? Wa yay yi dariya cikin zauren ga?"

Maigida ya sake gwadawa ta wata hanya, ya ce ko da gaskiya ne, ai waccan motar tana ƙasar Turawa, tasa kuwa ya shekara yana tuƙa ta bai ga wani abu ba.

"Tashi motar ina anka ƙera ta?" in ji Inna.

Ya ce, "Can ƙasar tasu."

"Ciwon hauka in ya shiga karnuka, ba ya tsayawa ga kare guda. Ni abin da ya ɗaure min kai, mai ba ta ruwa tah hwara kashewa. Ko bajimin da ya hi kowane sa faɗa ya san mai kiwonai."

Na ce mata, "Inna, ƙafafunki fa."

"Ƙahwahuna nawa na. In mutuwa ta, gara ta iske ni ɗakina da ta matse ni ga bango."

Washegari da safe taubashinta ya zo. Tsoho ne dogo, ɗan wan mahaifiyarta, yana da raƙumi ɗaya da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, shi kaɗai ne a garin ke iya gaya mata abin da ya ga dama. Ya ji labari, ya zauna a kan turmin da aka kife yana dariya ba haƙora.

"Baiwata, ashe tsoro gare ki? Ke da kike kama ƙahon sa da hannu guda?"

"Sa na san halinai. Kai in kana da zuciya shiga ka tai."

"Ni ina za ni? Ba a kira ni wankan jego ba. To, tunda dabba ta, a kahwa mata turke mana a ɗaure, ki yi kwana biyu kina dubanta kamar saniyar da anka sawo kasuwa."

Shi da wasa ya faɗa. Inna kuwa ta ɗauki maganar da gaske, don haka ake yi a rugarsu. Baƙuwar saniya ba a sakinta cikin garke sai an ɗaure ta kusa da ɗaki an ga yadda take ci, yadda take kwana, da abin da take yi in ta ɗauka ba a kallonta.

"A ɗaure ta," in ji ta. "In na ga halinta, sai in san abin da za ni yi."

Na leƙa bayan zana. Maigida ya dafe kai. Ana jiran kaya a Isa, kuma mai motar ba mutum ne mai haƙuri ba. Amma ya tashi, ya matso da motar har ƙofar gidanmu, ya ari turke da igiyar raƙumin tsohon. Ya kafa turken da kansa, ya ɗaure igiyar a ƙarfen gaban motar, mutane na tsaye suna kallo. Wani abokinsa ya ce, "Direba, a kawo mata harawa?" Ya ce, "Kawo, in kana da ita." Aka yi dariya, don duk garin ba mai harawa ko dami ɗaya. Bai ji haushi ba. Na sha tuna wannan a 'yan watannin nan. Mutum ne da ake ji da shi a tasha, ya durƙusa cikin rairayi yana ɗaure babbar mota a turke saboda tsohuwar da ko fuskarsa ba ta kallo.

Inna ta ɗauki aikinta da gaske. Kafin magariba takan fito da tsintsiya, ta share rairayin da ke kewaye da tayoyin har ya yi sumul, ta tsaya nesa kaɗan. Da asuba ta fito ta duba ko akwai sawu. Da rana ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure, tana kaɗi tana satar kallon motar ta gefen ido. Ni kuma ina dama mata kunu da garin da muka zo da shi, ina tsaye a kanta har ta shanye, don in na juya baya sai ta miƙa wa yaran maƙwabta ta kan danga.

Abin ya fara tafiya daidai. Ba a ga sawun komai ba sai na ƙadangare. Sai ranar nan ta hango wani guntun icce mai kusurwa a ƙarƙashin tayar baya, wanda direbobi ke kira weji.

"Ke wagga, wancan iccen na mi ne?"

Na kira maigida, ya zo bayan zana.

"Weji na, ana sa shi don kada ta gangara."

"In ba a sa ba tahiya takai?"

Ina jin tsohon nan taubashinta yana gyaran murya da ƙarfi daga waje, ni ma ina ta yi wa zanan ido kamar yana ganina. Amma maigidana bai iya ƙarya ba, ko ta ciniki.

"In akwai gangare, takan tahi."

"Ba kowa ciki?"

"Ba kowa ciki."

"To," in ji Inna. "Ashe shi ma dabaibayi yaka yi mata."

Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Tsohon ya leƙo ya ce wa maigida, "Ɗana, kai dai Allah ya yi ka mutumin kirki, amma ba ka da wayo ko na anini."

Daga ranar ba ta ƙara fitowa sharar rairayi ba. Ƙafafun kuma suka ƙara hawa, har zuwa bayan gida sai ta dafa bango. Maigida ya ce ba ya iya ƙara kwana, dole ya kai kayan mutane, amma zai nemi jaki ko amalanke ya dawo. Mu duka mun san magana ce kawai. Jakunan da suka rage ko tulu biyu ba sa iya ɗauka, kuma jikin Inna ba zai jure wannan tafiyar a rana ba. Na ce masa ni za ni zauna da ita. Ya dubi cikina, ya dubi tukunyar anza. Ya sauke mana ɗan hatsin da ya rage, ya je bayan zana ya yi sallama. Inna ta ce in ce masa Allah ya kiyaye hanya, kuma ya yi hankali da motar.

Da hantsi ya kwance igiya, ya mayar wa tsohon, ya cire weji ya jefa a baya, ya hau. Na tsaya a bakin zaure. Inna ma ta fito ta tsaya daga ciki, ta riƙe gefen ƙofa, a shirye take ta ja ni in abin ya ɓaci.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ɗan nishi ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta yi ƙasa da na farko. A na gaba ko nishin babu. Batirin dama ya tsufa, kullum tafiya ce ke riƙe da shi, zaman da ta yi a turke ya ƙarasa shi.

Ya sauko ya buɗe gaba, ya taɓa nan ya ƙwanƙwasa can, ya koma ya murɗa. Shiru. Ya fara yi mata magana, yadda direbobi ke yi. "Haba 'yar albarka. Haba ta gidana. Yau kuma a gaban surukai?" Sai ya nemi a tura. Mazan da suka rage a garin suka taru a bayanta, mutanen da suka yi watanni ba su ƙoshi ba. Suka sa kafaɗa, suka yi kabbara, tayoyin suka ɗan motsa cikin rairayi suka koma inda suke. Suka sake, wani ya zame ya faɗi zaune, ya ce shi kam a bar shi a nan. Rana ta yi sama, gumi ya jiƙa kowa, mota na nan kamar an dasa ta.

Tsohon ya tafi ya jawo raƙuminsa. Aka ɗaura igiya daga ƙirjin raƙumin zuwa gaban motar. Raƙumin ya waiwayo ya dubi abin da aka haɗa shi da shi, ya yi ruri, ya durƙusa. Aka yi ta fama kafin ya miƙe. Shi yana ja, maza na turawa, tsohon na zagin raƙumi da mota da wanda ya ƙera ta, maigida na leƙowa ta taga yana ba kowa haƙuri.

Sai na ji wani sauti a bayana wanda na manta da shi. Inna ce ke dariya. Ta saki ƙofa ta riƙe ciki, hawaye na zubo mata.

"Wagga ita ta za ta kore ni?" in ji ta. "An kwance ta, an ɗebe dabaibayi, an roƙe ta, an tura, ga raƙumi. Ke wagga, wagga ba ta da zuciya. Ko tunkiya ta hi ta."

Ta ƙara kallonsu na ɗan lokaci, har suka kai motar inda ƙasa ta yi tauri wajen hanyar kasuwa. Sai ta juya ta shiga ɗaki. Na bi ta na tarar ta shimfiɗa zane tana jera kwanoni.

"Hwaɗa mishi in ta tashi ya jira. Kuma baya za ni zamna, ba gaba ba. Da akuyata."

Muna ɗaure kaya muka ji motar ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Tsohon ya zo yana haki ya ce mu yi sauri, direba ya ce in ya kashe ta ba mai sake tashinta, raƙumi kuma ya yi rantsuwa. Inna ta jawo ƙofar ɗakinta ta ɗaure da igiya. Ta tsaya ta dubi rumbun mahaifinmu da ke buɗe ba komai ciki, ta ce wa tsohon in an yi ruwa ya sa a gyara masa hula kada ya rushe. Ta ba maƙwabciyarta tukunyar anza da hatsin da maigida ya sauke.

Motar na ruri, jikinta duk yana karkarwa, hayaƙi na fita. Inna ta tsaya taku kaɗan daga ita, na ji hannunta ya matse nawa. Tsohon ya ce, "Baiwata, ko in kawo raƙumi ya riƙe miki ita?" Ta ce, "Rufe min baki." Ta yi bisimilla ta kama katako. Ni da shi muka ɗaga ta, ba ta fi nauyin yarinya ba. Maigida na gaba ya kafa ido a sitiyari, bai waiwayo ba har aka ce ta zauna. Ta sa aka tura kwalin talabijin can ƙurya aka rufe shi da buhu. Na hau na zauna kusa da ita, aka miƙo akuya.

A hankali ya yi ta tafiya, bai taɓa tuƙi mai sanyi irin na ranar ba. Duk inda hanya ta yi rairayi sai in ji yana lallaɓa motar kada ta mutu. Mun wuce mutane da yawa a ƙasa, da kaya a ka da yara a baya, duk sun nufi kudu. Wasu ya rage gudu suka kama suka hau, don ba ya iya tsayawa sosai. Inna ta matsa musu wuri. Duk tafiyar hannunta ɗaya na wuyan akuya, ɗaya a katako, tana kallon gonakin da ba a girbe komai a cikinsu ba.

Da la'asar sakaliya muka shiga Isa. Na sauke ta, na kai ta ɗakin da na gyara mata, na kawo fura. Ta sha a hankali har ta ga ƙasan kwarya. A ɗakin nan kumburin ya saɓe, a nan ta yi mini wankan jego, kuma da idonta ta ga ruwan da ya sauka a daminar da ta biyo baya.

Amma a yammacin nan, da ta ajiye kwaryar, sai ta ji motsin maigida a tsakar gida yana sauke kaya. Ta ce, "Ke wagga, tambaye shi. Waccan hwarar motar, tunda shi yana yawo yana jin labari, an kama ta?"

Na fita na same shi da kwali a kafaɗa. Ya ji tambayar, ba sai na maimaita ba. Ya tsaya yana kallona, na ga yana kokawa da kansa. Sannan ya sauke kwalin, ya matsa kusa da ƙofar, ya durƙusa.

"Ki ce ma Inna ban ji ba tukuna," in ji shi. "Amma in na ji, za ni hwaɗa mata."

"To, shi dai ya riƙa tambaya," in ji Inna daga ciki. Ta miƙo mini kwaryar ta ce ko akwai saura.